Ko Akwai Ceto Ba Tare da Baftisma Ba?

Wata ɗaliba ta tsayar da ni bayan aji, idonta da hawaye. Kakanta ya rasu yana ajin baftisma, saura mako biyu Ista. "Malam, ya hallaka ke nan?"

Ikilisiyar Katolika tana koyar da cewa baftisma ta ruwa wajibi ce ga wanda ya ji Bishara, kuma yana da halin roƙonta. Ku duba Yohanna 3:5. Amma Katikisim na 1992, lamba 1257, ya nuna cewa sakramenti mu ya ɗaure, bai ɗaure hannun Allah ba.

Shi ya sa akwai baftismar jini, ta wanda aka kashe domin Almasihu tun ba a yi masa ta ruwa ba. Akwai kuma baftismar marmari, ta wanda ya tuba, ya nema, mutuwa ta riga shi. A shekara ta 392 Sarkin Roma Balentiniyan na Biyu ya mutu yana jiran baftisma. Bishop Ambros na Milan ya ta'azantar da 'yan'uwansa mata cewa alherin da ya roƙa bai kuɓuce masa ba. Abin da na faɗa wa ɗalibar ke nan.

Ku kuwa masu cewa "sai bayan jarrabawa," ban ga marmari a nan ba.