BABI NA BAKWAI: TIKITIN WA'ADI DA KATIN SUFURI GA BAƘO A ƘASAR JAPAN

7.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin hanyoyi biyu da baƙo kan bi wajen biyan kuɗin jirgin ƙasa a ƙasar da ba tasa ba. Ta farko ita ce tikitin wa'adi, wato tikitin da ake saye sau ɗaya, a yi ta hawa da shi har kwanakinsa su ƙare. Ta biyu kuwa ita ce katin sufuri, wanda ake zuba wa kuɗi tun kafin a hau, na'ura ta riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. An ɗauki Japan a matsayin misali domin tana cikin ƙasashen da jirgin ƙasa ya zama ƙashin bayan zirga-zirgarsu. Manufar babin ita ce ɗalibi ya fahimci cewa kowanne daga cikin abubuwan nan biyu da nasa aikin, kuma lissafi ne ke nuna wanda ya dace da matafiyi.

7.1 Tsarin Jiragen Ƙasa a Japan

Kafin shekarar 1987, hukuma guda ta gwamnati ce ke riƙe da manyan layukan dogo na Japan. A shekarar ne aka rarraba ta zuwa kamfanoni bakwai, shida na fasinja, ɗaya na dakon kaya, waɗanda a dunƙule ake kira JR. Su ne ke gudanar da jirgin nan mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Oktoba, 1964, tsakanin Tokiyo da Osaka. Nisan tafiyar ya ɗara kilomita 500, amma jirgi mafi sauri kan cinye ta cikin kimanin awa biyu da rabi.

Sai dai ba JR kaɗai ke da dogo a ƙasar ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu irin su Odakyu da Keio a yankin Tokiyo, da Hankyu da Kintetsu a yankin Osaka. Haka kuma jiragen ƙarƙashin ƙasa na manyan birane ba na JR ba ne. Sau da yawa babbar tasha guda kan tattara layukan kamfanoni daban-daban, kowanne da ƙofar shigarsa da kuɗinsa. Wannan shi ne tushen ruɗanin da baƙo kan faɗa ciki, kuma sai an fahimce shi za a gane abin da zai biyo baya.

7.2 Tikitin Wa'adi

Shahararren tikitin wa'adi a ƙasar shi ne Japan Rail Pass, wanda aka fara sayarwa a 1981 domin baƙi 'yan yawon buɗe ido. Iri uku ne ta fuskar kwanaki: na kwana 7, da na 14, da na 21. Ta fuskar tarago kuwa akwai na gama-gari da na alfarma. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 11 rabin kuɗi yake biya. Mai wannan tikiti yana iya hawa kusan dukkan jiragen JR, har da layin Yamanote da ya kewaye tsakiyar Tokiyo, da jirgin da ke zuwa filin jirgin sama na Narita. Yana kuma iya kama kujera ba tare da ƙarin kuɗi ba.

7.2.1 Sharuɗɗa

Ba kowane baƙo ne ya cancanci tikitin ba. Wajibi ne jami'an shige da fice su sanya wa fasfonsa shaidar cewa ziyarar ɗan lokaci ya zo. Saboda haka wanda ya shiga da izinin zama domin karatu ko aiki ba ya cikin lissafi, ko da baƙo ne. Fasfon na ainihi ake nunawa, ba kwafinsa ba.

Kwanakin tikitin a jere suke tafiya, a hau jirgi ko kada a hau. Kuma da kwanan wata ake ƙirga su, ba da awowi ba. Wanda ya fara amfani da shi da ƙarfe tara na dare ya ci kwana ɗaya ke nan da zarar sha biyu ta buga. Bugu da ƙari, na mutum ɗaya ne kaɗai, ba a ba da aronsa, kuma idan ya ɓata ba a sake ba da wani.

Akwai kuma jiragen da bai shafa ba. Ba a hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ko na yawancin kamfanoni masu zaman kansu da shi. A cikin Shinkansen ma, jirage biyu mafiya sauri a layin yamma, wato Nozomi da Mizuho, an daɗe da keɓe su. Daga Oktoban 2023 ne aka yarda mai tikitin ya hau su, amma sai ya sayi ƙarin tikiti na musamman.

7.2.2 Yadda Ake Saye

Hanya biyu ce. Matafiyi na iya biya a wurin dillalin da aka amince da shi tun kafin ya shiga Japan, a ba shi takardar musanya. Idan ya isa sai ya kai ta ofishin JR tare da fasfonsa a ba shi tikitin, kuma dole a yi musanyar cikin wata uku daga ranar da aka fitar da takardar. Yana kuma iya saye ta intanet daga kamfanin, ya karɓa idan ya sauka. A wurin musanya ne mai takarda ke zaɓar ranar da tikitin zai fara aiki, cikin wata guda mai zuwa, kuma in an rubuta ranar ba a sauya ta. Mai hikima ba ya farawa a ranar da ya sauka idan zai yi kwanakin farko a cikin gari ɗaya. Yakan jira sai ranar doguwar tafiya.

7.2.3 Lissafin Riba da Faɗuwa

A nan ne gizo ke saƙar. Kafin Oktoban 2023, tikitin gama-gari na kwana 7 yen 29,650 ne. A lokacin, zuwa Kiyoto daga Tokiyo a Shinkansen kan ci kimanin yen 14,000, zuwa da dawowa kimanin 28,000. Idan aka haɗa da kimanin 3,000 na jirgin Narita, kuɗin tikitin ya riga ya fita. Wannan ya sa aka daɗe ana ba kowane baƙo shawarar ya saya ido rufe.

A watan Oktoba na 2023 aka ɗaga farashin: na kwana 7 ya koma yen 50,000, na kwana 14 ya tashi daga 47,250 zuwa 80,000, na kwana 21 kuma daga 60,450 zuwa 100,000. Da wannan sabon farashi, mai zuwa Kiyoto ya dawo kawai zai yi asarar kimanin yen 22,000. Ko wanda ya zarce Hiroshima a kan kimanin 19,000, ya juyo Kiyoto a kan kimanin 11,000, sannan ya koma Tokiyo a kan 14,000, jimlarsa kimanin 44,000 ce, ba ta kai ba. Ke nan tsohuwar shawara ta daina aiki ga mafi yawan gajerun ziyarce-ziyarce. Tikitin ya fi amfanar mai ratsa ƙasar nesa da nesa cikin 'yan kwanaki. Wanda zai tsaya a sashe ɗaya kuwa, akwai tikitocin yanki masu sauƙin kuɗi, kamar na Hokkaido da na Kyushu da na Kansai.

7.3 Katin Sufuri

Katin sufuri ya yi kama da layin wayar hannu da ake sa wa kuɗi: abin da aka zuba shi ake ci. Ana ɗora shi a kan na'urar ƙofa lokacin shiga da lokacin fita, na'urar ta auna nisan tafiya ta cire kuɗinta. Kamfanin JR na gabas ya fito da Suica a 2001, na yamma ya fito da ICOCA a 2003, sauran kamfanonin yankin Tokiyo kuma suka haɗu a kan Pasmo a 2007. A watan Maris na 2013 aka haɗa manyan katuna goma su riƙa aiki a yankunan juna, ta yadda katin Tokiyo zai buɗe ƙofa a Osaka.

Amfanin katin shi ne bai damu da bambancin kamfanoni ba. Yana aiki a jiragen JR na cikin gari, da na ƙarƙashin ƙasa, da yawancin motocin bas, har da kantuna da na'urorin sayar da abin sha. Ana riƙe yen 500 a matsayin kuɗin ajiya lokacin saye, kuma ba a zuba masa fiye da yen 20,000. Yawancin na'urorin tasha tsabar kuɗi suke karɓa wajen ƙara masa kuɗi, don haka baƙo na bukatar takardun yen a aljihu.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, katin ba hanyar samun rangwame ba ne, sauƙi kawai yake kawowa. Na biyu, ba a shiga da shi a wani yanki a fita a wani, kamar daga yankin Tokiyo zuwa na Nagoya, kuma shi kaɗai ba ya wadatarwa wajen doguwar tafiyar Shinkansen. Na uku, kamfanin da ya fitar da kati shi ke mayar da kuɗin ajiya da ragowar kuɗi. Wanda ya sayi Suica a Tokiyo ya tashi daga Osaka ba zai sami inda zai mayar da shi ba.

A 2019 an fito da Welcome Suica domin baƙi. Ba shi da kuɗin ajiya, amma kwana 28 kawai yake aiki, kuma ba a mayar da ragowar kuɗinsa. Dabara a nan ita ce a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. A 2023, ƙarancin ƙwayar lantarkin da ake sakawa cikin katunan ya sa aka dakatar da sayar da Suica da Pasmo na gama-gari, sai a Maris na 2025 aka dawo da sayar da su gaba ɗaya. Ana iya sanya katin a cikin wayar iPhone, amma yawancin wayoyin Android da aka saya a wajen Japan ba sa ɗaukar sa.

7.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa katin sufuri abokin zirga-zirgar cikin gari ne, kuma kusan kowane baƙo na bukatarsa, har da mai tikitin wa'adi. Shi kuwa tikitin wa'adi sai an zauna da biro da takarda tun a gida, an jera garuruwan da za a je, an tara kuɗin kowace tafiya, an gwada da farashin da ake ciki a lokacin. Abin da ya zama gaskiya kafin 2023 bai zama gaskiya bayanta ba, saboda haka shawarar wanda ya je da daɗewa tana bukatar a sake auna ta. Matambayi dai ba ya ɓata.

7.5 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin tikitin wa'adi da katin sufuri.
2. Me ya sa ɗalibin da ya je karatu Japan bai cancanci Japan Rail Pass ba?
3. Wani baƙo zai je Kiyoto daga Tokiyo ya dawo cikin mako guda. Yi amfani da alƙaluman da ke 7.2.3 ka nuna matsayinsa kafin Oktoban 2023 da kuma bayansa.
4. Bayyana ma'anar waɗannan kamar yadda aka yi amfani da su: takardar musanya, kuɗin ajiya, ido rufe, a nan ne gizo ke saƙar.
5. Taƙaita sashe na 7.3 cikin jimloli biyar da ɗalibin ƙaramar sakandare zai iya fahimta.