Darasi: Yadda Za Ka Bambance Hanyoyin Koyon Na'ura Guda Uku

Idan kana shirin jarrabawar ƙirƙirarriyar basira irin AI-900 ta Microsoft, sai ka samu maki 700 cikin 1000 kafin ka ci. Ga kuɗin rajista, don haka kada ka zubar da maki a banza.

Lokacin da nake koya wa kaina, hanyoyin nan uku ne suka fi rikita ni. Kullum ka tambayi kanka: wace irin amsa ake nema?

1. Idan adadi ne, kamar farashin gida, rigireshan ke nan.
2. Idan rukuni ne da aka riga aka sani, kamar "wannan imel na damfara ne ko a'a", kilasifikeshan ne.
3. Idan babu rukuni tun farko, na'ura ce za ta haɗa masu kama da juna, kilastarin ne.

Biyun farko ana horar da su da bayanai masu ɗauke da amsa. Na ukun babu amsa.

Hattara da tarko: idan 1 na nufin "mara lafiya", 0 kuma "mai lafiya", kilasifikeshan ne, ko da ka ga lamba.