Haƙora Masu Baƙuwar Siffa: Ganewa da Magani

Siffar haƙori takan kammala tun kafin ya huda dasashi. Tsiron haƙoran farko yakan soma ne a wajen mako na 6 na ciki, kuma duk abin da ya dagula wannan tsiro, ko gado ko cuta ko rauni, yakan bar tabonsa har abada, domin haƙori ba ya sake siffa bayan ya ƙafe.

Ire-irensu

Na farko shi ne tagwayen haƙori. Wani lokaci tsiro biyu ne suke haɗewa, wani lokaci kuma tsiro guda ne yake yunƙurin rabuwa. Likita kan bambance su ta hanyar ƙirga. Haƙoran yaro kafin famfara 20 ne. Idan an lissafa tagwayen a matsayin ɗaya aka sami 19, haɗewa ce. Idan 20 suka cika, rabuwa ce.

Na biyu shi ne haƙori cikin haƙori, inda ɓawon waje yake lanƙwasawa ya nutsa ciki ya bar ɗan rami. An fi samunsa a haƙorin sama na biyu daga tsakiya. Ƙwayoyin cuta kan bi ramin su kai ga jijiya, haƙori ya mutu alhali a ido lafiyarsa lau.

Na uku alama ce ta wata cuta daban. Likitan Ingila Jonatan Hacinson (1828–1913) ya bayyana haƙoran gaba na sama masu tsukewa da gantsara a bakinsu, waɗanda ake gani ga yaran da suka ɗauki tunjere tun suna ciki.

Magani

Ido kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ɗauki hoton ƙashi don ganin saiwa da jijiya. Ramin da aka gano da wuri ciko kawai yake bukata. Idan jijiya ta ruɓe, sai a kwashe ta a cike gurbinta, ko a cire haƙorin. Tsukakken haƙori akan lulluɓe shi da kwanso. Na tunjere kuwa riga-kafinsa gwajin jini ne ga mai ciki da allurar fenisilin, kuma yaron da aka ga alamar a bakinsa dole a gwada jininsa.

Saboda haka, da zarar sabon haƙori ya fito da baƙuwar siffa, ya kamata iyaye su kai yaro ga likitan haƙori tun bai fara kuka da ciwo ba.