Adana Maniyyin Ingarma: Abin Lura ga Masu Zuba Jari a Kiwon Dawaki

ABUJA — Da yawa daga cikin dawakin da ake wasan folo da su a kulob ɗin Guards na Abuja, da filayen Kaduna da Kano da Katsina, daga Ajantina ake shigo da su. Tun da aka saki darajar naira a kasuwar musaya a shekarar 2023, wannan ciniki ya ƙara tsada. Saboda haka ya dace masu kiwo su san wata hanyar kyautata iri, wato sayen maniyyin ingarma a ɗura wa goɗiya, maimakon sayen dokin ɗungurungum.

Sanyayawa

Bayan likitan dabbobi ya tatsi maniyyin, sai a gauraya shi da ruwan da aka haɗa da madara da sukari da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan a sauko da zafinsa sannu a hankali zuwa digiri 5 a ma'aunin salshiyas, domin sanyi na gaggawa yana lalata ƙwayoyin. Maniyyin da aka sanyaya yana amfani na awa 24 zuwa 48. Wannan lokaci ya isa a kai shi daga Abuja zuwa Zariya ko Katsina cikin akwatin riƙe sanyi, kuma kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba.

Daskararwa

A shekarar 1949 masana a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare ƙwayoyin maniyyi daga illar ƙanƙara, kuma a 1957 aka ba da rahoton goɗiyar farko da ta ɗauki ciki da daskararren maniyyi a Kanada. A yau ana haɗa shi da gilisarol da gwaiduwar ƙwai, a zuba cikin 'yan bututun roba masu cin rabin mililita, a nutsa su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A haka zai yi shekaru. Ita ce hanyar da ta dace da sayayya daga ƙasa mai nisa.

Sai dai akwai ɗawainiya. Tulun ajiyar ba ya bukatar lantarki, amma ruwan naitirojin yana ƙafewa, kuma ranar da ya ƙare jarin ya salwanta. Har ila yau, ƙwayoyin da aka narkar ba sa daɗewa a mahaifa, don haka dole a ɗura su tsakanin awa 12 kafin goɗiya ta saki ƙwai da awa 6 bayan haka. Wannan yana nufin likita zai riƙa duba ta da na'ura sau da yawa, kuma kowace dubawa kuɗi ce.

Auna inganci

Abubuwa uku ake dubawa da madubin likita: yawan ƙwayoyin, da siffarsu, da kason da ke tafiya gaba sosai. A ɗanyen maniyyi, ma'aunin da aka saba shi ne ƙwaya miliyan 500 masu tafiya gaba a ɗuri guda. Wanda za a sanyaya a aika, akan ninka wannan adadi. Shi kuwa daskararre, akan narkar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 na daƙiƙa 30, kuma ana son aƙalla kashi 30 cikin 100 su ci gaba da tafiya. Ba kowane ingarma ne maniyyinsa ke jure daskarewa ba, komai kyawunsa a fili.

Lissafin ɗan kasuwa

Goɗiya takan nemi barbara kusan kowane kwana 21 a lokacinta, cikinta kuma wata 11 ne. Duk ɗurin da ya faɗi, an yi asarar kuɗin maniyyi, da ladan likita, da abincin mako uku. Saboda haka farashin da za a kwatanta shi ne na ɗan dukushin da aka haifa, ba na bututu ba.

Kafin biya, mai saye ya nemi takardar gwajin bayan narkarwa, da adadin bututun da ke ɗuri guda, da yawan goɗiyoyin da suka ɗauki ciki da ingarman, da shaidar ba ya ɗauke da cutar da ke bi ta maniyyi, da izinin shigowa daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya. Masu sha'awar sukuwa kuma su sani cewa littafin asalin dawakin Thoroughbred ba ya rajistar dukushin da aka samu ta hanyar ɗuri.