Darasi na 14: Kula da Tsofaffi Masu Wahalar Haɗiya

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

A gidajen kula da tsofaffi, lokacin cin abinci lokaci ne na sa ido. Idan ka samu kanka kana aiki a irin wannan gida, ko kana jinyar kakanka a gida, ka sani cewa haɗiya na iya zama haɗari ga wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ko cutar mantuwa, ko cutar makyarkyata.

A maƙoshin ɗan'adam akwai hanyoyi 2: ta abinci da ta iska. Duk lokacin da muka haɗiye abu, wani ɗan murfi yana rufe hanyar iska. Idan jijiyoyi suka yi rauni, murfin yakan makara, sai abinci ko ruwa ya gangara cikin huhu. Wannan yana jawo ciwon huhu, wanda kan yi ajalin tsoho.

Kafin a fara ci, ka zaunar da shi a miƙe; kada ka ba shi abinci yana kwance. Ka yi amfani da ƙaramin cokali, kuma kada ka ƙara masa loma sai ka ga ya haɗiye ta farko. Kada ka sa shi magana da abinci a baki. Ka zaɓi abinci mai laushi, kamar fate da kunu mai kauri, ka guji gyaɗa da kilishi da kifi mai ƙaya. Ruwa zalla yana saurin gangarawa, shi ya sa likita kan ce a kaurara wa wasu abin shansu.

Ka lura da alamu: tari, hawaye, sauyin murya bayan haɗiya, ko taruwar abinci a kumatu. Amma wani tsohon ba ya tari ko da abinci ya shiga huhunsa. Saboda haka shirunsa ba shaidar lafiya ba ne. Kada ka bar wurin har ya gama.

Idan ya ƙware yana iya tari, ka bar shi ya ci gaba da tarin. Idan ya kasa numfashi, ka nemi taimako nan take, ka sunkuyar da shi, ka buga tsakanin kafaɗunsa har sau 5. Bayan cin abinci, ka tsabtace masa baki, ya zauna a miƙe na aƙalla minti 30.

Ma'anar Kalmomi
Loma: abincin da ake sawa a baki sau ɗaya.
Ƙwarewa: shigar abinci ko ruwa hanyar iska.
Kaurara: mayar da abu mai kauri.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa idan murfin hanyar iska ya makara?
2. Kawo alamu 3 na wahalar haɗiya.
3. Don me bai kamata a bar tsoho shi kaɗai ba ko da ba ya tari?
4. Gina jimla da kalmar “loma”.