Tsuntsayen Gonakin Rani: Darasi Daga Kura, Bunkure da Madobi

A tsibirin Siri Lanka, wanda ke kudu da ƙasar Indiya, akwai wata sana'a wadda idan aka ba manomin Kura labarinta sai ya yi dariya. Mutane ne ke tasowa daga Ingila da Jamus da sauran ƙasashe, su biya kuɗin jirgi da na masauki, don kawai su kalli tsuntsaye da namun daji. Da asuba ɗan jagora ya kai su bakin tafki ko cikin kurmi, da hantsi kuma a zarce da su kufan tsofaffin birane irin su Polonnaruwa, ko dutsen Sigiriya inda wani sarki ya gina fadarsa a ƙarni na 5. Girman tsibirin bai wuce ninki uku da 'yan kai na Jihar Kano ba, amma yana da nau'o'in tsuntsaye fiye da 30 waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai can.

Abin lura ga ɗalibin kimiyyar halittu shi ne, da yawa daga tafkunan da baƙin ke zuwa gani, mutane ne suka gina su. Tafkin Minneriya, inda giwaye ke taruwa da rani, Sarki Mahasen ne ya gina shi a ƙarni na 3 domin ban-ruwan gonaki. Wato noma ne ya fara kawo ruwa, ruwa ya kawo dabbobi da tsuntsaye, su kuma suka jawo baƙi. Matakai biyun farko sun riga sun auku a kudancin birnin Kano, ko da yake ba kowa ya lura ba.

Yadda ruwa ya sauya ƙasar

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har gonakin Bunkure da Kadawa da Kura, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Manoman rani na Madobi, maƙwabciyar Kura, su ma suna noma fadamunsu. Ƙasar da a da takan bushe ƙayau daga Nuwamba zuwa Mayu, yanzu tana shan ruwa shekara zagaye: shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasa.

A wurin tsuntsu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Gonar shinkafa da aka cika da ruwa fadama ce mara zurfi, cike da kwaɗi da talibambam da ƙananan kifaye da tsutsotsin ƙwari. Shi ya sa ake ganin zalɓe tsaye shiru a gefen magudana, da zakaran ƙeƙuwa yana kururuwa a kan kunya, da garken kirinjijiya suna wucewa da almuru suna fito. Balbela kuwa ta koyi bin tarakta kamar yadda take bin shanu, domin dukansu suna tayar mata da fara. Wannan wayon ne ya sa ta bazu: daga Afirka ta tsallaka Tekun Atilantika da kanta zuwa Amurka ta Kudu, kuma a 1953 aka sami sheƙarta a jihar Fulorida ta Amurka.

Baƙi iri biyu

Tsuntsayen da ke yin ƙaura zuwa wannan yanki kashi biyu ne, kuma ɗalibai kan rikita su. Kashin farko ba sa barin Afirka. Shamuwa (Ciconia abdimii) ita ce babban misali. Takan sauka a ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa, sa'an nan da kaka ta nufi kudancin Afirka inda damina ke farawa a lokacin. Manoma sun daɗe suna ɗaukar zuwanta alamar a gyara gona, kuma kimiyya ba ta ƙaryata su ba: ruwan sama take bi, domin shi ke fito da abincinta.

Kashi na biyu daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa. Sukan iso a watannin Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu, wato suna fita shamuwa tana shigowa. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa (Spatula querquedula) wadda namijinta ke da farin zane a saman ido, da wani mai dogayen ƙafafu (Calidris pugnax) da ke tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi, da wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki (Motacilla flava) da ke kaɗa jela yana bin ƙafafun shanu. Wannan na ƙarshe nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma yana ƙetare Hamadar Sahara sau biyu a shekara.

Yaya yake yi? Makonni kaɗan kafin tafiya, tsuntsun kan ci abinci fiye da ƙima, ya tara kitse a ƙarƙashin fata, har wasu ƙananan nau'o'in su kusan ninka nauyinsu. Kitse ya fi sitaci ba da ƙarfi fiye da ninki biyu a kowane giram, kuma idan jiki ya ƙona shi yakan samar da ruwa, abin da matafiyin hamada ya fi bukata. Ke nan abin da tsuntsu ya samu a gonakin Kadawa a watan Maris shi ne guzurinsa. In bai samu ba, a rairayi zai faɗi. An ga haka a fili bayan farin da ya auka wa yankin Sahel a 1968: a bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka tarar fiye da kashi biyu cikin uku na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro (Curruca communis) ba su komo ba.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da hunturu ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostok. Daga 1899 aka fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Duk wanda ya tsinci irin wannan zobe, ya sani ba laya ba ce, ba kuma abin tsoro ba. Adireshin masu bincike ne a jiki.

Ba duka ne abokan manomi ba

Zai zama rashin adalci a yi wa mai gonar shinkafa wa'azin son tsuntsaye ba tare da ambaton jan-baki (Quelea quelea) ba. Shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, kuma garke ɗaya kan iya kassara gona cikin 'yan kwanaki. Binciken da Peter Ward ya yi a yankin Tafkin Chadi, wanda aka buga a 1965, ya nuna cewa ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Yakan fi faɗa wa amfanin gona idan waɗannan suka yi ƙaranci. Kacalla, ciyawar nan da ke toshe magudanai, ita kuma ta zame masa wurin kwana.

Maganin da akan fesa masa ta jirgin sama, wato fenthion, ba ya zaɓe. Yakan kashe shirwa da shaho da mujiya da suka ci gawar jan-bakin, alhali su ne ke rage ɓeraye a gona. Haka kuma yawan feshin da masu tumatir suka shiga yi tun annobar tsutsar Tuta absoluta ta 2016 yana rage ƙwarin da tsuntsaye ke ci, na ɓarna da masu amfani baki ɗaya. Sare kacalla, da shuka a lokaci guda don kada gona ɗaya ta nuna ita kaɗai, da raga a kan ƙananan gonaki, sun fi wahala amma ba sa barin guba a ruwa.

Akwai wata hasarar da ba a gani daga Kura. Ruwan da aka tare a Tiga, da kuma Challawa tun 1992, shi ne a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ke cikin manyan masaukan tsuntsayen ƙaura a Afirka ta Yamma. Ambaliyar ta ragu, masunta da makiyaya da tsuntsayen can suka ji a jikinsu. Gonar shinkafa tana karɓar wasu nau'o'in, amma ba ta maye gurbin fadama ta asali. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa a Nijeriya, ta kusan ƙarewa a dajin ƙasar, ungulu kuma da dattawa suka sani a kowace mahauta, an saka ta cikin jerin masu gab da ɓacewa a 2015.

Fita fili

Ba sai da madubin hangen nesa ake farawa ba. Littafin rubutu da fensir da haƙuri sun isa. Malami ya zaɓi hanya guda a gefen magudana mai tsawon kamar kilomita 1, ya nemi izinin masu gonaki, ya raba ɗalibai uku-uku ko huɗu-huɗu. A fita daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:00 na safe. A kowane taku 200 a tsaya minti 10, a rubuta duk tsuntsun da aka gani da adadinsa, da irin shukar da ke wurin, da ko akwai ruwa kwance. Wanda ba a san sunansa ba a kwatanta girmansa da kurciya ko hankaka, a zana bakinsa da ƙafarsa. Baki shi ke faɗin abinci: gajere mai kauri na tsaba ne, siriri na ƙwari, mai kama da mashi na kifi. A tambayi tsofaffin manoma da mafarauta sunayen Hausa, domin sau da yawa sun fi littafi sanin halin tsuntsun. A maimaita hanyar nan kowane wata. Ƙidaya ɗaya ba ta nuna komai, sai an jera sha biyu.

Kada ɗalibi ya shiga ruwan magudana, saboda dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kada kuma ya taɓa mataccen tsuntsu, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun 2006.

Da rana ta take, tsuntsaye sukan lafa, sai a shiga garin Kura a ga marina da masu bugu, waɗanda turkuɗinsu mai ƙyalli ya daɗe yana kaiwa ga Buzayen Agadas. Can ma darasi ne: ganyen baba ba shi da shuɗi a jikinsa, sai ya ruɓa a cikin ruwan toka, kuma zanen kan fito kore-kore daga karofi, iska ce ke mayar da shi shuɗi. Tsuntsaye da safe, tarihi da rana, shi ne dai abin da Siri Lanka ke sayarwa. Ba a sa ran baƙi daga Turai su cika Kura gobe, domin wannan yana bukatar tsaro da masauki da 'yan jagora da suka san abin da suke nunawa. Na ukun ne makaranta ke iya samarwa.

Abin da ɗalibai suka rubuta yana da inda za shi. A 1981 R. E. Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano ta lokacin, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, a mujallar Malimbus, don haka akwai abin da za a gwada sabuwar ƙidaya da shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos kuma ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma 'yan sa-kai ne ke aika jerin abin da suka gani a kowane gida.