Katin Memori: Yadda Ake Faɗaɗa Rumbun Wayar Hannu

Gabatarwa

Da wuya a sami mai riƙe da wayar zamani wanda bai taɓa cin karo da saƙon nan mai ɓata rai ba, wato sanarwar da waya kan yi cewa ma'adanarta ta cika. Sau da yawa saƙon yakan zo ne a lokacin da ba a so, kamar tsakiyar ɗaukar hoton ɗaurin aure ko naɗar karatun malami a aji. Daga nan sai mai waya ya shiga goge-goge, ya rasa wanda zai bari da wanda zai zubar. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan matsala ita ce sanya ɗan ƙaramin katin nan da jama'a ke kira memori. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin katin, da yadda yake riƙe bayanai, da ma'anar alamomin da ke jikinsa, da kuma hattarar da ya kamata a yi kafin a danƙa masa amanar abin da ba a son a rasa.

Rumbu da Faifai

Kafin a shiga bayanin katin, wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. A cikin kowace waya akwai ma'adana iri biyu. Ta farko ita ce wadda ake kira RAM, wadda za a iya kwatanta ta da faifan da uwargida ke zuba hatsi a kai lokacin da take aiki: abin da ake amfani da shi a wannan lokaci kawai yake ɗauka, kuma da zarar an kashe waya sai ya koma fayau. Ta biyu ita ce ma'adanar dindindin, wadda ta yi kama da rumbu, inda hotuna da waƙoƙi da manhajoji suke zaune ko da batir ya mutu. Katin memori ƙarin rumbu ne, ba ƙarin faifai ba. Saboda haka wanda wayarsa ke nauyi don ƙarancin RAM, sanya kati ba zai sa ta yi sauri ba, illa dai ya ba shi wurin ajiya.

Ana auna girman ma'adana da bayit, kuma kowane bayit ya ƙunshi bit 8, wato sifili ko ɗaya sau takwas. Bayit miliyan ɗaya shi ne megabayit, megabayit 1,000 shi ne gigabayit, gigabayit 1,000 kuma shi ne tarabayit. Don a fahimci abin sosai, ga misali: sautin da aka naɗa a tsarin MP3 mai matsakaicin inganci, wato kilobit 128 a kowace daƙiƙa, yana cin kimanin megabayit 58 a awa ɗaya. Ke nan katin gigabayit 32 zai ɗauki fiye da awa 500 na karatu ko waƙa.

Taƙaitaccen Tarihi

Tushen wannan fasaha yana ƙasar Japan. A farkon shekarun 1980 wani injiniya na kamfanin Toshiba mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro nau'in ma'adanar da ake kira filash, wadda ba ta mantuwa idan an ɗauke mata wuta, kuma ana iya goge ta da lantarki a sake rubutu. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan a 1987 ya gabatar da nau'in NAND, wanda shi ne ke cikin katunan memori da wayoyi har yau.

A shekarar 1999 kamfanoni uku, wato SanDisk da Panasonic da Toshiba, suka haɗa kai suka fito da katin SD, mai tsawon milimita 32 da faɗin milimita 24, wanda ya sami karɓuwa a kyamarori. A farkon 2000 suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin katin, domin kati na kowane kamfani ya yi aiki a na'urar kowane kamfani. Da yake katin ya yi wa wayar hannu girma, a 2004 SanDisk ya fito da ƙaraminsa da sunan TransFlash, kuma a 2005 ƙungiyar ta karɓe shi ta raɗa masa suna microSD. Tsawonsa milimita 15 ne, faɗinsa 11, kaurinsa 1, wato bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Katunan farko ba su wuce megabayit 128 ba, amma a 2019 aka fito da mai tarabayit 1, ba tare da girman jikinsa ya ƙaru ko kaɗan ba.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta katin ya zama hanyar yaɗa ilimi da nishaɗi tun kafin intanet ta wadata. A kasuwannin waya, irin ta Farm Centre da ke Kano, sana'ar tura wa'azi da waƙoƙi da finafinai cikin memori ta ciyar da matasa da dama. Mawaƙin nan na Nijar, Mdou Moctar, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma ta wayoyi da katunan memori waƙoƙin suka bazu a yankin Sahel kafin sunansa ya kai Turai da Amurka.

Yadda Kati Yake Riƙe Bayani

A cikin katin akwai sassa biyu muhimmai. Na farko shi ne ɓangaren ajiya, wanda aka yi da silikon, yana ɗauke da biliyoyin ƙananan ɗakuna da ido ba ya iya gani. Kowane ɗaki wani nau'in tiranzista ne da ke da wurin tsare ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, an kewaye shi da siririn bango wanda lantarki ba ya ratsawa cikin sauƙi. Idan za a yi rubutu, sai a yi amfani da ƙarfin lantarki a tura ƙwayoyin su tsallaka bangon su maƙale a ciki. Idan za a karanta, sai a gwada ɗakin a ga ko akwai ƙwayoyi a tsare ko babu, daga nan a fassara sakamakon zuwa sifili ko ɗaya. Tun da bangon yana hana su fita, bayanin yana nan ko da an cire katin an ajiye shi a aljihu.

Da farko kowane ɗaki bit ɗaya yake ɗauka. Daga baya masana suka gano yadda za a bambance matakan yawan ƙwayoyin da ke ciki, ta yadda ɗaki guda zai ɗauki bit 2 ko 3 ko 4. Bugu da ƙari, aka fara gina ɗakunan hawa-hawa kamar bene maimakon shimfiɗa su a ƙasa, dabarar da Samsung ya fara sarrafawa don kasuwa a 2013. Waɗannan dabaru biyu su ne sirrin ƙaruwar girman kati da saukar farashinsa.

Sashe na biyu shi ne ɗan ƙaramin mai kula, wanda aikinsa kamar na magatakarda ne. Shi ke karɓar umarnin waya, ya zaɓi ɗakin da za a rubuta, ya gyara ƙananan kurakurai. Akwai dalilin da ya sa ake buƙatarsa: duk lokacin da aka rubuta aka goge, bangon ɗaki yana ɗan zaizayewa, har wata rana ya kasa riƙe komai. Don haka mai kula yakan rarraba aikin a kan dukkan ɗakuna, kada wasu su tsufa su bar wasu. Duk da haka, kowane kati yana da iyakar kwanansa, kuma zafi mai tsanani yana hanzarta zubewar ƙwayoyin da aka tsare. Wannan abin lura ne ga mazauna ƙasashe masu zafi, musamman mai barin waya a cikin mota da tsakar rana a watan Afrilu.

Ma'anar Alamomin Jikin Kati

Alamar farko tana nuna ajin girma. Katin SD na asali ya tsaya a gigabayit 2. Ajin SDHC, wanda ya fito a 2006, ya kai gigabayit 32. Ajin SDXC na 2009 ya tashi daga nan har zuwa tarabayit 2, sannan a 2018 aka tsara ajin SDUC wanda ƙa'idarsa ta kai tarabayit 128. Tsohuwar waya da aka ƙera don SDHC ba lallai ta gane katin SDXC ba, saboda haka ya kamata a duba takardar bayanin waya kafin a je kasuwa. Har ila yau, katunan SDHC suna zuwa da tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, alhali na SDXC suna zuwa da tsarin exFAT wanda ba shi da wannan ƙunci.

Alama ta biyu ta shafi sauri. Lambar da ke cikin da'ira mai siffar harafin C, wato 2 ko 4 ko 6 ko 10, tana nuna mafi ƙarancin megabayit da katin zai rubuta a daƙiƙa ɗaya. Alamar U1 tana nufin megabayit 10, U3 kuma megabayit 30. Haka nan V30 da V60 da V90 suna nufin 30 da 60 da 90, kuma an yi su ne domin masu ɗaukar bidiyo. Idan kati ya gaza saurin da kyamara ke zubo masa hoto, bidiyon yakan yanke ko ya riƙa tsalle. Wanda zai ɗauki bidiyo mai ingancin 4K ya nemi aƙalla U3 ko V30.

Alama ta uku ita ce A1 ko A2, wadda ta shafi manhajoji. Manhaja ba ta karanta dogon fayil daga farko zuwa ƙarshe, sai dai ta riƙa tsintar ƙananan guntaye nan da can. Katin A1 yana iya karatu 1,500 da rubutu 500 na irin waɗannan guntaye a daƙiƙa, A2 kuma karatu 4,000 da rubutu 2,000, muddin na'urar ta dace da shi.

Akwai kuma abin da kan tayar da hankalin mai saye, wato ya sayi katin gigabayit 64 amma kwamfuta ta nuna masa kimanin 59. Wannan ba ha'inci ba ne. Kamfani yana ƙirga gigabayit a matsayin bayit 1,000,000,000, ita kuwa kwamfuta sau da yawa tana ƙirga shi a matsayin 1,073,741,824. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne.

Hanyoyi Biyu na Amfani da Kati

Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyi suna ba mai su zaɓi biyu. Zaɓi na farko shi ne a bar katin a matsayin ma'adanar tafi-da-gidanka, a zuba masa hotuna da sauti da takardu, a cire shi a sa a wata waya ko kwamfuta duk lokacin da aka so. Zaɓi na biyu shi ne a haɗe shi da ma'adanar cikin waya su zama ɗaya. A nan waya takan goge katin, ta kulle shi da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai ta sani. Amfanin haka shi ne manhajoji za su sami wuri, illarsa kuwa ita ce idan wayar ta lalace, abin da ke katin ya tafi ke nan, domin babu wata na'urar da za ta iya karanta shi. Ga wanda burinsa adana hotunan iyali, zaɓi na farko ya fi aminci.

Ba kowace waya ce ke da gurbin kati ba. Tun fitowar iPhone a 2007 ba a taɓa yi mata shi ba. Samsung ya cire shi daga Galaxy S6 a 2015, ya mayar da shi a S7 a 2016, ya sake cire shi daga S21 a 2021. A wasu wayoyin kuma gurbi ɗaya ne aka yi wa layi na biyu da memori, dole mutum ya zaɓi ɗaya.

Jabun Kati

Babban haɗarin da ke fuskantar mai saye shi ne jabu. Masu wannan ha'inci sukan ɗauki ƙaramin kati, misali mai gigabayit 8, su sauya bayanin mai kula da ke cikinsa, ya riƙa shaida wa waya cewa shi mai gigabayit 128 ne. A kwanakin farko komai yana tafiya daidai. Amma da zarar an wuce ainihin girmansa, sabon abin da aka zuba ko dai ya hau kan tsoho ya shafe shi, ko ya ɓace gaba ɗaya, alhali sunayen fayilolin suna nan a jere kamar lafiya lau. Sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da wayam. Ɗalibin da ya tara karatun zango guda a irin wannan kati ba zai gane asararsa ba sai daren jarrabawa.

Hanyar gane gaskiya ita ce a cika katin dam da bayanai sannan a karanta su duka, kafin a fara amfani da shi. Akwai manhajojin kyauta masu yin wannan gwaji a kwamfuta, kamar H2testw da F3. Farashin da ya yi arha fiye da kima shi ma alama ce, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa amfanin katin memori ya rataya ne a kan sanin halinsa. A zaɓi girman da waya za ta iya ɗauka da saurin da ya dace da aikin da za a yi, a gwada shi tun yana sabo, a bar waya ta yi masa fomatin da kanta. Kada a zare shi ana tsakiyar rubutu, sai an umarci waya ta sake shi ko an kashe ta, domin yanke rubutu a tsakiya yana iya rikita tsarin ajiyar baki ɗaya. Idan kati ya fara ƙin karɓar sabon abu ko fayiloli suka fara ɓacewa, a kwashe abin da ke ciki nan take, domin alamar tsufa ce. Fiye da komai, duk abin da yake da daraja, kamar takardun makaranta da hotunan iyaye da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya, a ajiye kwafinsa a wuri na biyu, ko a kwamfuta ko a wani katin ko a ma'adanar intanet. Manomi mai hangen nesa ba ya zuba dukkan amfanin gonarsa a rumbu ɗaya, balle rumbun da bai wuce farcen yatsa ba.